Tsakuwar Bakin Tafki

Tsakiyar hanya na tsaya na ware hannuwa, kamyo, babbar motar kaya, na tahowa da lodin tsakuwa.

Da ƙyar ya tsaya. Iro direba ya diro.

"Lantana! Kashe kanki za ki yi?"

"Baba ne... maciji ya sare shi a bakin tafki!"

Wata uku rabona da yi mishi magana. Shekarar samun 'yanci ce, ana gyaran hanyar da ta bi gefen tafkinmu zuwa Cadawa, ta cinye rabin gonar Baba. Larai ɗiyar kawuna, wadda ita ma ke son Iro, ta ce ma Baba wai Iro ne ya nuna ma masu awon hanya gonar. Ranar Baba ya maida ma su Iro goron neman aurena.

Iro ya ruga ya saɓo Baba.

"Sauke ni," Baba ya ce da ƙyar. "Ba ni shiga motarka."

"Baba, in mun isa likita ka zage ni son ranka. Yanzu dai yi haƙuri."

Gaba kaɗan ruwan tafki ya haye hanya, mota ta kafe cikin laka. Ƙafar Baba sai kumbura take, na fashe da kuka.

"Daina kuka, masoyiyata... kama mini!"

Ya buɗe bayan mota ya zubar da tsakuwar. Da hannu muka riƙa tura ta ƙarƙashin tayu har yatsuna suka yi jini. A yunƙuri na uku motar ta fita.

A Maradi likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai gawa.

Washegari aka kori Iro saboda tsakuwar.

Da muka dawo gida Larai ta zo dubiya. Tana ganin ƙafar Baba ta durƙusa tana kuka, ta faɗi gaskiya cewa ƙarya ta yi ma Iro. Na yafe mata, murna ba ta bar mini wurin fushi ba.

Baba ya aika aka kira Iro. Ina bayan zana ina saurare.

"Na zalunce ka, ɗana. An ce ka rasa aikinka."

"Allah ya bar mana kai, Baba. Ya isa."

"Ka iya noma?"

"Ban iya ba..."

"Za ka koya. Ka turo manyanka ran Juma'a."

Nan na zube a ƙasa, ina ta Alhamdu lillahi, hawaye na zuba.

Bayan girbi aka ɗaura mana aure.