Sunan da Aka Warware

Da hantsi shugaban makaranta ya kai rahoto ofishin 'yan sanda: an sace ƙyallen tsohuwa Orfa Linklater daga zauren da aka baje kayan tarihi don bikin cikar garin shekara hamsin. Irin ƙyallen nan ne da 'yan makaranta mata ke koyon ɗinki a kai, su yi haruffa da furanni da sunayen iyayensu.

Sufeto Kerr ya je ya duba. Ga kofin azurfa a tebur ba a taɓa ba. Firam ɗin katakon da ƙyallen yake ciki ma yana nan, an zare ƙusoshin bayansa an jera su gefe.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji shi. "Wa ke da mabuɗi?"

"Ni da Uwargida Winifred, shugabar kwamitin biki," in ji shugaban makaranta. "Ka san ta. Ai 'yar tsohuwar ce."

Bai rufe baki ba sai ga ta, da hula mai gashin jimina, tana hura hanci. Mijinta na neman kujerar magajin gari, ita kuwa tuni ta hau.

"Me kake jira, Sufeto? Ka kwaso 'yan ƙabilar Kri ɗin nan, 'yan asalin ƙasar, da suka kafa tanti a bakin kogi. Halinsu ne."

"Sun bar azurfa sun ɗauki tsumma?"

Ta watsa masa harara ta fice.

Sai ya je wurin tsohuwa Orfa, ya tarar da ita a ɗan ɗakinta, idanu sun tafi.

"Shekarata goma na ɗinka shi, a makarantar mishan," ta ce. "Shekarar da agana ta kashe uwata. Na yanki gashinta kafin a rufe ta, da shi na ɗinka sunanta, Sikwan. 'Yar Kri ce."

"Kina da hotonta, Baba?"

"Ina fa. Kabarin ma ambaliya ta cinye. Ƙyallen nan kawai nake shafawa in ji ta. Shugaban makaranta ya roƙa, na ba shi aro, Winifred ta yi ta faɗa."

Ran Sufeto ya ɓaci. Daga nan gidan Winifred ya nufa.

"Rabona da allura tun bara," ta ce, bayan ya tambaye ta ko ta taɓa ɗinki kwanan nan.

Ya sunkuya ya tsinci wasu guntayen baƙin gashi a kan darduma, kowanne a lanƙwashe kamar yadda zare ke fitowa daga ɗinki.

"Wannan fa?"

"Na kyanwa ne."

"Kyanwarki fara ce, ga ta can a taga. Buɗe kwandon ɗinkin nan."

Ƙyallen yana ƙasan ulu. Furanni suna nan, sunan uba yana nan, wurin sunan uwa kuwa wayam.

Ta zube a kujera.

"Matar alƙali za ta zo bikin! Na faɗa wa kowa cewa kakata 'yar Sikotlan ce. In suka karanta, zaɓen mijina ya tashi. Zan mayar fa, Mama ba ta gani."

"Ba ta gani, amma tana da yatsu."

Ya ɗaga ƙyallen saitin taga. Haske ya ratso ta ramukan allura, sunan ya fito ɓaro-ɓaro: Sikwan. Yarinya 'yar shekara goma ta fi wannan mata mutunci, ya raya a ransa. Ya durƙusa ya tsince gashin ɗaya bayan ɗaya cikin hankicinsa, don ko ba komai tsohuwa ta samu abin riƙewa.

"Tashi mu je."

"Don Allah, Sufeto, mu fita ta ƙofar baya."

"Ta gaba dai. Hanyar ofishinmu ma ta bakin kogi ta bi, sai ki gaishe da danginki."