Ƙahon da ke Ƙarƙashin Hasumiya

A shekarun da kuɗin fetur suka ruɗa ƙasar nan, har jahili ya fara sa tabarau don a ce ya yi karatu, an yi wani mai gyaran rediyo a Ƙofar Guga, Tanko. Ya ji sojojin sama za su gina hasumiya a bayan gari, su kafa na'urar hango jirage da ta magana da matuƙa. Kwangilar ginin ta hana shi sukuni.

Da rana tsaka ya sami boka a wani kango a gindin ganuwa. Ɗakin ba taga. Baƙar tukunya a tsakiya, jini ya bushe a bakinta. Fikafikan ungulu na rataye a azara, suna motsi ba iska.

"Kwangila taka ce," in ji boka, ya miƙo masa ƙahon rago ɗinke da jar fata. "Ka binne wannan a harsashin ginin. Amma sama da masu ita, Malam Tanko. Ƙarfenku zai tare masu hanya, dole su sauka gidanka."

"Su nawa ne?"

"A Katsina ana ƙirga baƙi?"

"To yaushe za su tafi?"

"Uban wa ya taɓa tambayar baƙo ranar tafiya?"

Tanko ya ji kunya, ya karɓi ƙahon. Kunyar banza ta kashe mutane fiye da yunwa.

Kwangila ta faɗo. Da hannunsa ya jefa ƙahon a rami, ya sa aka zuba kankare kamu goma. Ya zama Alhaji, ya sayi marsandi, ya gina wa baƙin ɗakuna huɗu da darduma. Ba ɗaki suke so ba.

Ranar da aka kunna na'urar, mahaifiyarsa Tani ta ɗaga kai sama a tsakar gida, ta faɗi, ba ta tashi ba. Bayan arba'in ƙanensa Mamman ya bi ta. Matarsa Zuwaira, wadda ta ci ƙanzo da shi shekara goma ba ƙorafi, ta koma zama kan soro tana marabtar waɗanda ba a gani: "Sannunku da hanya, ku shigo, akwai wuri."

Ya koma wurin boka da gudu.

"Tono ƙahon ka kawo min, shi ke nan."

Ya ɗauki diga ya nufi hasumiya. Soja ya tare shi da bindiga a bakin shingen waya.

"Ni na gina wurin nan, ranka ya daɗe!"

"An sallame ka, Alhaji. Ja da baya."

Kullum yana can a bakin waya, diga a kafaɗa, babbar riga ta zama tsumma, yana kallon ƙarfen yana juyawa. A gida saura 'yarsa Ladi, ita ma ta fara ɗaga kai.

Kai mai kwaɗayi, in za ka sayi arziki a kango, ka sani ba da fatarka za ka biya ba. Da ta waɗanda ba su raka ka ba za a fara, kana tsaye kana kallo.