Bishiyar Maa Korkor

A gidan su mijina a Odumase ba a saro reshe a kafa a falo don Kirsimeti. Wani baƙin ƙyalle ake ratayewa a bango, an ɗinka masa koriyar bishiya da hannu, an bi ta da duwatsun ado. Kafin a bar ni in taɓa shi, sai da aka zaunar da ni aka ba ni labarin Mamle, wadda yau ita ce surukata, a lokacin kuwa amarya ce 'yar wata takwas.

Wata Laraba ce, saura kwana goma sha biyu Kirsimeti. Maa Korkor, uwar mijinta, za ta kasuwar Agomanya, sai ta ce mata ta ciro bishiyar daga ƙasan akwati ta sha iska, in ta ga inda ya yage ta ɗan kama.

Da Mamle ta warware ƙyallen, tausayi ya ba ta. Ɓera ya ci gefe, koren ya koɗe. Duwatsun kuma babu tsari ko kaɗan: ja a jikin shuɗi, wani reshen a cunkushe, wani fayau, wasu can ƙasa wajen saiwa kamar zubowa suka yi. Ita kuwa wata takwas ke nan surukar ba ta taɓa yaba mata miya ko shara ba, kuma ɗinki ne kaɗai abin da ta san ta fi kowa. Ta ɗauko sabon yadi daga kayan aurenta. Ta sa reza ta tsinke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a faranti, ta ware su kala-kala.

A haka Maku, ƙanwar mijinta, ta dawo daga shagon kitso ta same ta.

"Sista Mamle, me nake gani haka?"

"Sabon dizayin zan yi wa Maa."

"Dizayin? To ki fara yi wa akwatinki dizayin, don yau a gidan iyayenki a Somanya za ki kwana."

Maa Korkor ba ta yi faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi ciwo. Ta ajiye kwando, ta durƙusa, ta cusa hannu cikin farantin tana lalube, domin yanar ido ta fara rufe mata gani. Can ta ce, "Ina Teye?"

Sai a lokacin Maku ta yi wa Mamle bayani. Kowane dutse mutum ne. Tun shekarar da Maa ta shigo gidan ta ɗinka bishiyar. In an haihu ta ƙara dutse a reshen iyayen, in an mutu ta sauko da shi wajen saiwa. Teye mijin Maa ne, marigayi. Tun da idonta ya yi rauni, da yatsa take bin ƙyallen duk safiyar Kirsimeti, tana kiran sunaye tana yi musu addu'a.

Da yamma Padi, mijin Mamle, ya dawo daga wajen sana'arsa ta gasa duwatsun ado da dakakkiyar kwalba, jikinsa duk garin kwalba. Uwar ta ce masa matarsa ta tono mata matattu ta zuba a faranti kamar gyaɗa. Ba za ta ƙara cin girkinta ba, kuma ta koma gidan iyayenta kafin Kirsimeti. Padi ya durƙusa ya ce laifinsa ne da bai taɓa faɗa mata ba. Maa ta juya masa baya.

A ɗaki ya tarar Mamle tana ninke zannuwa, hawaye na ɗiga a kansu. Ya rufe akwatin ya zauna a kai.

"Bra Padi, tashi mini a kan akwati."

"In za ki tafi sai dai ki ɗauka har da ni. Kin kuwa san na ci malmala biyu ta tuwon banku da rana."

Tana kuka tana dariya ta ce masa ba ta so a ce ita ta raba ɗa da uwa. Ya ce ba za a rabu ba, ta dai yi haƙuri ta zauna. Amma da ta tambaye shi inda kowane dutse yake, nasa kaɗai ya iya nunawa, wani kore mai ɗan karkace.

Washegari ta shimfiɗa tsohon ƙyallen a rana, sai ta lura da wani abu. Duk inda dutse ya taɓa zama, koren wurin bai koɗe ba. Ga tabon dogo, ga na kewayayye, ga hujin allura. Ta mayar da sabon yadin ya zama shafi daga baya, ta kama inda ɓera ya ci, ta fara gwada duwatsu a kan tabo. Goma sha wani abu ne kawai suka faɗa gurbinsu. Sauran girmansu ɗaya, sai mai su.

Kwana uku tana kai farantin ƙofar ɗakin Maa tana zama. Ba a ko amsa gaisuwarta. Maku in ta wuce sai ta ce, "Sannu da gadi." Sakwarar da ta kirɓa haka ake dawo da ita a rufe.

Amma Mamle ta daɗe da lura cewa hannun tsohuwar ba ya iya zama haka kawai. Ko ƙwayar masara ta tsinta sai ta murza ta. Rana ta huɗu da hantsi, Maa na zaune a gindin mangwaro, hannunta a buɗe bisa cinya. Mamle ta durƙusa, ta ɗora mata dutse ɗaya a tafin hannu.

Yatsun suka fara murzawa da kansu.

"Adiki ce wannan, ƙanwar Teye," in ji Maa, kamar da iska take magana. "A saiwa, ta hagu. Kada ki sa ta kusa da mijinta, ko suna da rai ba sa zama tabarma ɗaya."

Mamle ta zura allura. Ta miƙa na biyu.

Haka suka yi kusan mako guda. Kowane dutse da labarinsa: kawun da ya tafi aikin koko bai dawo ba, gwaggon da ta rera waƙa a coci har haƙorin robarta ya faɗo, Kirsimetin da akuya ta tsinke ta cinye biskit ɗin baƙi. Maku ta daina tsokana ta jawo kujera. A rana ta uku Maa ta ci miyar gyaɗar Mamle, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta kuma cinye.

Ana gobe Kirsimeti dutse ɗaya ya rage a faranti, rawaya, bai fi ƙwayar dawa ba. Tabo ɗaya ma ya rage, can ƙarƙashin saiwa inda ido ba ya kaiwa. Mamle ta ɗora mata shi. Wannan karon yatsun ba su murza ba, dunƙulewa suka yi.

"Maa, wane ne?"

"Ba ta da suna. Kwana shida ta yi, ba ta kai ranar fitarwa a sa mata suna ba." Ta share ido da gefen zani. "Yayar Padi ce. Aka ce kada in yi kuka, ba ta zo zama ba. Shekara talatin tana nan, babu wanda ya taɓa tambayata sai ke. Da na ga farantin nan, ita na ɗauka ta ɓace."

Padi na tsaye a bakin ƙofa, ranar ya fara jin yana da yaya. Mamle ta ninka zare biyu ta ɗinke dutsen, ta ɗaure sau uku.

Da safe kafin a tafi coci, Maa ta bi bishiyar da yatsa, ta kira kowa, babu wanda ya ɓata. Sannan ta kwance tsohuwar sarƙar wuyanta, wadda ta gada wurin uwarta, ta zaro shuɗin dutse ɗaya.

"Ungo, 'yata. Ɗinka shi kusa da na mijinki, wancan mai ƙaton kan."

"Dizayin ya yi kyau yanzu," in ji Maku.

Maa Korkor ta daɗe da sauka wajen saiwa, kusa da Teye. Surukata ta ce abin da ta koya shi ne, in ka shiga gidan mutane ka tambaya kafin ka gyara, domin abin da ka gani a hargitse wataƙila tsarin wani ne. In kuma ka ɓata, kada ka gudu, ka zauna da haƙuri ka mayar ɗaya bayan ɗaya.

Bana, da ta gama labarin, ta kamo hannuna ta buɗe, ta ɗora mini wani ɗan jan dutse, ta miƙo allura.