Ƙugin Cikin Kwalba

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da kowane yammacin kaka ba a ƙauyen nan na gabas da Tofa. An shigo da awaki, hayaƙin kara ya kwanta a kan danga, Inna Kulu tana tuƙa tuwo tana yi wa kaji faɗa kamar su suka ci amanarta.

A zaure ɗanta Abdulkabir yana zaune gaban tsohuwar amfilifayar mahaifinsa, marigayi Hashimu, wanda ya yi kiɗan jita a birni kafin ya ajiye ya dawo gona. Akwati ce ta ƙara ƙarfin sauti, mai nauyin rabin buhun gero. A cikinta akwai kwalaben gilashi da suke yin ja idan sun ɗau zafi, kuma daga zafin nan ne jita take samun wata murya mai kauri. Babbar kwalbar ta fara dushewa, ya nemi irinta bai samu ba. Sai ya ƙudura zai gina manhajar da za ta kwaikwayi muryar akwatin a kwamfuta kafin ta mutu.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. A tura sauti ta gaba, a naɗi abin da ya fito ta lasifika, a koya wa kwamfuta bambancin. Sai dai sautin gwajin fito ne, dogo, yana tashi daga ƙasa har ya sirance ya ɓace wa kunne. Kuma naɗin yana son shiru, shiru kuwa ba a samunsa a ƙauyen sai an kashe injin niƙa, wato da magariba.

"Kai, Abdulkabir! Wa yake min fito da almuru a gida?"

"Ba ni ba ne, Inna, kwamfuta ce."

"Ita kwamfutar ba ta da uwar da za ta hana ta?"

Ya yi dariya, ya sake tura fiton. Da ya saurari naɗin, ya ji wani ƙugi a ƙarƙashin sautin, siriri, ba ya yankewa. Ya ce datti ne. Ya tace shi, ya goge naɗin farko gaba ɗaya. Kafin a kira isha'i kwalbar ta yi ƙas, janta ya mutu.

A tsakar gida ƙanwarsa Aina'u ta ajiye lomar da ta ɗauko. Yarinya ce da Allah ya yi wa bakin kwaikwayo. Tana yin tarin liman har maza su fara neman buta, tana yin mai tallan manja har mata su fito da kwano. Don haka da ƙugi ya fara fita daga ƙirjinta, Inna Kulu ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ki bari, 'yar nema. Ci abinci."

Ƙugin bai tsaya ba. Tuwon ya huce, bai tsaya ba. Sannan uwar ta lura da abin da ya sa ludayi ya faɗi daga hannunta: mai kwaikwayo dole ya ja numfashi, Aina'u kuwa ba ta ja.

Kashegari da magariba dutsen farko ya sauka a kan kwanon rufi. Wanda ya ɗauka ya yar, don zafi gare shi kamar daga murhu. Kowace faɗuwar rana haka, jifa, sannan fito daga cikin rumbun da babu kowa. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Aina'u tana zaune a bakin ƙofa, idonta a buɗe, ba ta ci, ba ta magana, sai ƙugi.

Rana ta bakwai bayan la'asar Malam Zaharaddini ya iso daga Bici, dattijo mai ilimin ruƙiyya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya yi ta karatu har inuwar danga ta kai bakin rijiya. Ƙugin ya yanke. Bakin yarinyar ya buɗe.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabci ne. Shekara arba'in ina cikin kwalbar nan. Hashimu ya san da ni. Idan ya kunna, sai ya jira ta yi ɗumi, ya ce sannu da gida, sannan ya taɓa jita."

"Me ya kai ka jikin baiwar Allah?"

"Ɗansa ya kira ni da fito, na amsa. Ya kwashe gidana ya zuba a cikin allo mai sanyi. Na yi magana, ya ce datti ne, ya share ni. Ka ce in fita, Malam, to da wace murya zan koma wurin dangina?"

Abdulkabir ya tashi. "Zan mayar. Wallahi yanzu zan mayar." Ya ɗauko kwamfutar, ya haɗa wani ƙugi da hannunsa, ya daidaita kaurinsa gwargwadon abin da kunnensa ya riƙe, ya kunna.

Bakin Aina'u ya yi dariya, sauran fuskarta bai motsa ba.

"Ya yi kama. Amma ba ni ba ne."

Malam ya ce, "Ba a rama zalunci a kan wanda bai yi ba. Ka ji tsoron Wanda ya halicce mu da ku."

"Ina jin tsoronsa, shi ya sa zan fita. Maƙogwaron yarinyar nan cike yake da muryoyi kamar rumbun kaka. Guda ɗaya kawai zan ɗauka, tata. Kuma ga adalci: duk wanda ya tuna ta a cikinku, ya yi min ita sau ɗaya, in bar masa."

Inna Kulu ta buɗe baki. Ta san yadda 'yarta take yin liman, ta san yadda take yin kowa a ƙauyen, har ita kanta. Ta laluba, ta laluba, ta kasa tuna ranar ƙarshe da yarinyar ta yi mata magana ba a bakin wani ba. Abdulkabir ya bi wayarsa yana kunna duk abin da ya taɓa naɗa na ƙanwarsa. Ga mai manja, ga shugabar makaranta, ga akuya mai naƙuda, ga dariyarsa shi a baya. Muryar Aina'u ta kanta babu.

Malam ya ƙara karatu, muryarsa ta dishe. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kife.

Jifa ya tsaya daga ranar. Da Aina'u ta farfaɗo ta nemi ruwa, amma da tarin liman maganar ta fito. Ta dafe wuya, ta sake gwadawa, mai manja ya fito. Ba wanda ya yi dariya. Malam ya ce a ci gaba da addu'a, amma bai yarda ya haɗa ido da uwar ba.

Manhajar ta kammalu. Waɗanda suka ji ta sun ce kamar akwatin ne sak. Abdulkabir bai ƙara buɗe ta ba.

Aina'u ta warke, tana daka, tana ɗebo ruwa, magana ce dai ta koma nuni da hannu. Wani lokaci idan su biyu ne, uwar takan kasa daurewa, ta kamo hannunta.

"Ki gwada, 'yata. Ki ce Inna kawai."

Yarinyar takan daɗe tana nema a cikin maƙogwaronta. Sannan ta ce, "Inna," da muryar Kulu sak. Sai Kulu ta ji kanta tana kiran tata uwar da ta rasu tun tana goyon fari, ta sunkuyar da kai, ta amsa.