Ba Zan Shiga Motar Nan Ba

"Ba inda za ni."

Ina zaune a bakin ƙofa na faɗa, hannuna a kan cikina ɗan wata biyar. An gama ɗaure katifa a saman mota, surukata ta riga ta kame a gidan gaba.

Dogo, mijina, ya durƙusa kusa da ni.

"Haba masoyiya... gida ne fa. Mama za ta kula da ke har ki sauka."

"Gidan da sai an wuni a hanya kafin a ga asibiti?"

Likita ta yi mini bayani dalla-dalla. An ɗebi jinina, an auna wasu sinadaran furotin, sun nuna haihuwa tana iya zuwa kafin lokaci. Ba ta ce dole ba. Cewa ta yi kada in yi nisa da inda ake da kwalbar saka bakwaini. Ni da ɗana na fari ya zo da wuri, ya koma ban ji kukansa ba, wannan "tana iya" ta ishe ni.

Yayarsa ta leƙo ta tagar mota. Ita ta kitsa tafiyar, ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan ɗakinmu, za ta zuba kayan shagonta.

"Yanzu jini ne ya san gaibu? Son jiki ne kawai."

"Ban ce ya sani ba, Yaya. Gargaɗi aka yi mini, na kuma ji."

Mama ba ta ko dube ni ba.

"Dogo, ta da mota."

Ya dube ni, ya dube ta... ya ta da.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don ina son mutumin nan kamar me. Da na gama na share ido, na koma wurin ƙanwata a bayan asibiti. Ya yi ta kira, na ƙi ɗauka.

A wata na bakwai naƙuda ta taso. Da ƙafa na isa asibiti. 'Yata ta zo 'yar mitsitsiya, aka ruga da ita kwalba, ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni.

Ranar da na iya tashi, ungozoma ta ce yarinya ta yi ƙwari, har an fara ɗora ta a ƙirji don ta samu ɗumi.

"Ƙirjin wa?"

Ta tura mini ƙofa.

Dogo ne a kujerar roba, ba riga, yarinyar kwance a ƙirjinsa, duk ya rame. Ashe yana sauke Mama ya juyo, a shagonsa na walda yake kwana, kunya ta hana shi ya tunkare ni.

"Da na bi ka, da babu ita," na ce.

"Na sani."

"Kuma ban yafe ba tukuna."

"Shi ma na sani, masoyiya." Hawayensa ya ɗiga a hular yarinyar. "Ki yi mini faɗan a hankali... yanzu ta samu barci."