Waɗanda Suka Zaɓi Mainassara

Duk wanda ya san Dakoro a farkon samun 'yancin kai ya san Mainassara mai sayen gyaɗa. Yana da rufin asirinsa, amma idonsa ba ya cika. Kujerar depite, wato ɗan majalisa, yake so, don ya lura mai ita ne ke juya cinikin gyaɗar yankin. Sai dai makiyayan Tagriss sun ce Agali, wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, za su zaɓa.

Rabon katin zaɓe yana hannun surukin Mainassara. Mainassara ya danne katunan makiyaya ɗari uku, ya kai wa boka Kalla da tsakar rana.

Ɗakin Kalla yana bakin wata tsohuwar rijiya. A ciki akwai baƙin tulu da jini ya bushe a wuyansa, gashin kaza ya manne, ga ƙwarya cike da ƙasar kabari. Ko ƙuda ba ya shiga ɗakin.

"Masu katunan ga na da rai?" in ji Kalla.

"Suna da rai."

"To, matattu ɗari ukku za su jefa maka a madadinsu. Amma ka san al'ada, wanda ya zaɓe ka na da hakki bisa kanka. Ba ka ruhe mishi zaure."

Mainassara ya yi dariya. "Shi ke nan? Ba sa, ba raƙumi?"

"Shi ke nan."

Kalla ya barbaɗa wa kowane kati ƙasa, ya zuba su cikin tulun. Mainassara ya ji tari daga ƙasan rijiya, ya yi kamar bai ji ba.

Ranar zaɓe makiyaya suka iso bayan tafiyar kwana biyu a kan raƙuma. Aka ce babu katinsu. Suka wuni a rana, suka juya, ga akwati kuwa a cike. Mainassara ya ci. Ya gina gidan siminti, ya sayi manyan motoci biyu, kuma da bakinsa ya goyi bayan a daina tsayar da ɗan takara fiye da ɗaya.

Wata safiya ya fito zaure karɓar gaisuwa, ya tarar da shi maƙil da mutane cikin fararen mayafai, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi. Babu takalmi ko ɗaya a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe," in ji babbansu, "mu muka zaɓe ka. An tashe mu, kuma ba mu komawa sai an buɗe kabari. Duk gawar da ta hita gidanka, ɗayanmu zai bi ta."

Ɗansa Jafaru ya fara rasuwa, da zazzaɓin yini ɗaya. Sai 'yarsa Alheri. Matarsa Ladidi ta zauce, kullum tana dama fura tana kai wa baƙin da shi da ita kaɗai ke gani. Mainassara ya duba gidansa, mutum goma sha tara ne kacal, baƙi kuwa ɗari uku. Tsoro ya kama shi, ya koma wurin Kalla da kuka.

"Magani guda ne," in ji Kalla. "Masu rai su kada ka ga zaɓe. Ran da ka rasa kujera, baƙinka sun rasa hakki."

Haka depite guda ya bi rijiyoyin Tagriss yana roƙon kada a zaɓe shi. Agali ya saurare shi har ya gama.

"Wa za mu zaɓa, depite? Takarda guda ce, sunanka ke bisanta."

Ya nemi sauka, manya suka ce mai guje wa kujera maƙiyin ƙasa ne. Zaɓe ya zo, ya ci babu hamayya. Aka yi kiɗa a ƙofar gidansa, washegari aka fitar da gawar autansa.

Yau gidan kango ne, kuma masu wucewa da safe suna cewa har yanzu ana jin gaisuwa a zauren. Kai mai kwaɗayin kujera, ka ji tsoron Allah, ka bar wa mutane ƙuri'arsu. Wata rana kai za ka nemi su sauke ka, ka tarar cewa da hannunka ka toshe hanyar.