Gangar Noman Tungar Na'iya

Da 'yan bindiga suka bar dazuzzukan Kebbe, aka kwaso kayan gadon da aka tsinta a sansanoninsu da kufan ƙauyuka, aka tara a wani sito a Tambuwal. Mai kaya ya zo da shaidu ya karɓa. Abin da ba a karɓa ba, Sakkwato za a wuce da shi.

Ana gobe za a loda, gangar noman Tungar Na'iya ta ɓace.

Sufeto Abdulhakeem ya duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa lau.

"Malam Atu, wa ke riƙe da makulli?"

"Ni ɗai, Yallaɓai," in ji mai gadin. "Ban buɗe ma kowa ba."

"An taɓa neman gangar?"

Atu ya kau da kai. "Wata mata ta zo. An ce ta kawo shaidu daga garinsu, garin ko ya watse."

A gurbin gangar Sufeto ya tsinci guntun yagaggiyar fata. Ɓarawon kasuwa ba ya ɗaukar fasasshiyar ganga, sai mai niyyar gyara ta. Ya hau babur sai Kebbe, wurin majema. Nan aka gaya masa wata Mu'minatu, 'yar gudun hijira, ta sayi fatar akuya.

A bayan kasuwa ya same ta tana tankaɗe.

"Fatar fa, Malama?"

"Buzun salla nika yi ma Baba."

Ba ta rufe baki ba, sai ga kiɗa daga ɗaki, a hankali, yana yankewa.

Sufeto ya ɗaga asabari. Wani tsoho ne a kishingiɗe, ya rungume ganga kamar jika, yana taɓa ta da yatsu.

Mu'minatu ta durƙusa. "Ni na roƙi Atu ya buɗe. Baba Lauwali shi ne makaɗin garinmu, Tungar Na'iya. Tun ranar da aka ƙone garin bai sake magana ba. Jiya, da ya riƙe gangar, ya kira sunana."

Sufeto ya cire takalmi, ya zauna gefen tabarma har tsohon ya kai ƙarshen kiɗansa.

"Ɗauko mayafinki, 'yar'uwa. Za mu je ofis, ke da Atu."

Ta share hawaye. "Gangar fa?"

Ya dubi hannun tsohon a kan sabuwar fatar.

"Kayan shaida ce, dole a tsare ta. Baba, ka riƙe mana."

Tsohon ya gyaɗa kai. Mu'minatu ta yafa mayafi ta bi bayan Sufeto.